Atanasiyus na Iskandariya, Wanda Aka Kora Sau Biyar

A ƙasar Masar, a bakin teku, akwai babban birni da a ke kira Iskandariya. Can aka haifi Atanasiyus wajen shekara ta 297. Yana yaro ƙarami sa'ad da Kaisar Diyokletiyan ya ta da tsanani a kan masu bi a shekara ta 303, aka rushe majami'u, aka ƙone littattafai, aka kashe waɗanda suka ƙi yin hadaya ga gumaka. A zamanin nan sunan allah ba shi da tsada. Masarawan dā sun kira Fir'auna allah, majalisar Rum kuma takan ɗauki sarkin da ya mutu ta sa shi cikin alloli.

Da tsanani ya kwanta, sai wata wuta ta tashi daga cikin gida. Akwai wani dattijon ikilisiya a birnin, sunansa Ariyus, mutumin Libiya, gwanin wa'azi. Ya koyar cewa Ɗan Allah halitta ne, shi ne na fari kuma mafi girma cikin halittu, amma akwai sa'ad da babu shi. Ariyus bai hana a kira Yesu Kristi allah ba. A wurinsa sunan girmamawa ne, kamar yadda sarki kan naɗa wa amintaccen baransa rawani. Ya sa koyarwan nan cikin waƙoƙi, har masu jirgi da masu niƙa suna rerawa.

Gardama ta yi zafi har Kaisar Kustantin ya tara shugabannin ikilisiya wajen 300 a Nikiya, cikin ƙasar da a ke kira Turkiyya yanzu, a shekara ta 325. Atanasiyus ya tafi yana dikon, yana yi wa bishop nasa Aliskanda aikin magatakarda. Taron ya shaida cewa Ɗan haifaffe ne, ba halitacce ba, ainihinsa ɗaya ne da na Uba. Bishop biyu kaɗai suka ƙi sa hannu. A shekara ta 328 Aliskanda ya rasu, aka sa Atanasiyus a gurbinsa, yana wajen shekara 30.

Ga abin da ya tsaya a kai dukan kwanakinsa. Akwai Mahalicci, akwai halitta, babu wani matsayi a tsakani. Mala'ika mafi girma da kiyashi gefe ɗaya su ke, gama dukansu yin su aka yi. In mun ce wani yana da Allahntaka, mun ce ba a yi shi ba, ba shi da mafari, rai nasa ne na kansa, shi kaɗai ya cancanci sujada. To, masu bi suna yi wa Yesu sujada, ana kuwa yi musu baftisma cikin sunansa tare da na Uba da na Ruhu Mai Tsarki. In halitta ne shi, ashe sun bar gumakan dutse sun kama wani gunki, shahidai kuma sun mutu a banza. Halitta kuwa ba ta iya fansar halitta, gama wanda ransa na aro ne ba shi da abin da zai ba matattu. Mu da maƙwabtanmu su kan tambaye mu yadda Allah zai yi ɗa, ya kamata mu riƙe amsarsa. Ya ƙi a ɗauki haihuwan nan kamar ta jiki, da mace da ranar suna. Ya misalta ta da rana da haskenta: hasken daga rana ya ke fitowa, amma ba a taɓa yin rana marar haske ba.

Mutanen Ariyus suka sami shiga a fada. A taron Taya, shekara ta 335, suka tuhume shi da kashe wani bishop, Arsaniyus, har da yanke hannunsa domin tsafi. Atanasiyus ya fito da mutumin da rai, hannuwansa biyu lafiya. Sai suka sāke ƙara, wai ya yi kurarin hana jiragen alkama barin Masar. Kustantin ya kore shi zuwa Tiriya, cikin Jamus ta yanzu. Ba za mu ɓoye ba, Atanasiyus mutum ne mai zafin hali, bakinsa da kaifi a kan abokan gardama, waɗansu ƙararrakin da aka kai a kan tsananinsa kuwa ba duka ne ƙarya ba.

Sarakuna huɗu suka kore shi, sau biyar, jimla wajen shekara 17. A shekara ta 356 soja suka kewaye majami'a da dare yana cikin sujada. Ya zauna a kujerarsa ya sa jama'a su yi ta zabura suna fita, daga baya aka janye shi cikin rububi. Shekara 6 yana ɓoye, yawanci a hamada wurin masu ibada. Daga can ya rubuta wa abokinsa Sarafiyon wasiƙu cewa Ruhu Mai Tsarki shi ma ba halitta ba ne, tun da ya ke ta wurinsa Allah da kansa ya ke zaune a cikinmu.

Shi ne ya ɗibiya hannu a kan Furumentiyus ya aike shi bishop na fari a Habasha. A wasiƙarsa ta Idin Tashin Matattu, shekara ta 367, ya jera littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai yadda mu ke da su. Ya rasu a birninsa ran 2 ga Mayu, 373, bayan shekara 45 yana bishop. Shekara 8 bayan rasuwarsa, a 381, taron Kustantiniya ya tabbatar da shaidar Nikiya, ya kuma ƙara cewa ana yi wa Ruhu Mai Tsarki sujada tare da Uba da Ɗa.