Rilwanu Lukman: Bazazzagin da ya riƙe linzamin OPEC, ya rasu bai ga dokar man da ya tsara ba

Kuɗin da ake rabawa duk wata daga Asusun Tarayya, wanda ƙananan hukumomi irin su Dutsi a jihar Katsina ke biyan albashi da shi, wani kaso nasa daga ƙarƙashin teku yake fitowa. Cikin 'yan Arewa da suka fi sanin lissafin wannan dukiya akwai Dakta Rilwanu Lukman.

An haife shi a Zariya ranar 26 ga Agusta, 1938. Ya karanci injiniyancin haƙar ma'adinai a Kwalejin Imperial da ke Landan, ya ƙaro ilimi a Leoben ta Ostiriya da Jami'ar McGill ta Kanada. Ya shugabanci kamfanin siminti na Sakkwato, sannan Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Najeriya da ke Jos. A 1984 Janar Muhammadu Buhari ya naɗa shi ministan ma'adinai, wutar lantarki da ƙarafa.

Janar Ibrahim Babangida ya miƙa masa ma'aikatar man fetur a 1986, shekarar da farashin ganga ya faɗo ƙasa da dala 10. A wannan yanayi ƙungiyar OPEC ta ba shi shugabancin taronta, alhali mambobinta biyu, Iran da Iraƙi, suna tsakiyar yaƙi. A Disambar shekarar ƙungiyar ta amince da rage haƙo mai tare da tsayar da farashin dala 18. Ya riƙe kujerar har 1989, ya yi ministan harkokin waje a 1990, sannan ya zama babban sakataren OPEC daga 1995 zuwa 2000.

Darasin faɗuwar farashi ne ya tura Najeriya cikin teku. Gwamnati ta kasa biyan kasonta a ayyukan haɗin gwiwa da kamfanonin waje, don haka a 1993 ta ƙulla sabon tsari: kamfani ya zuba kuɗinsa, idan ya samu mai ya fara cire abin da ya kashe, sannan a raba ragowar da NNPC. Dokar soja ta 1999 ta tabbatar da sharuɗɗan. Kuɗin haƙƙin ƙasa, wato kason da gwamnati ke fara cira daga man da aka haƙo, yana raguwa gwargwadon zurfin ruwa: kashi 12 cikin 100 daga mita 201 zuwa 500, ya sauka har ya zama babu ko sisi idan zurfin ya haura mita 1,000.

Rangwamen ya jawo jari. Kamfanin Shell ya gano filin Bonga, kimanin kilomita 120 daga gaɓa, ya fara fitar da mai a Nuwambar 2005. Rijiyoyin suna ƙasan teku, bututu na ɗauko man zuwa wani katafaren jirgi da aka girke, wanda ke raba shi da ruwa da iskar gas, ya adana shi har jiragen dako su zo. An gina jirgin don sarrafa ganga 225,000 a rana. Erha na ExxonMobil ya biyo baya a 2006, Agbami na Chevron a 2008.

Sai dai dokar ta yi tanadin a sake duba rabon idan farashin ganga ya wuce dala 20, kuma ko bai wuce ba a duba bayan shekara 15. Farashi ya yi ta hawa har ya kai dala 147 a Yulin 2008, ba a taɓa dokar ba. A wani ɓangare na waɗannan shekaru Lukman yana cikin gwamnati: ya kasance mai ba Shugaba Olusegun Obasanjo shawara kan man fetur daga 1999 zuwa 2003, lokacin da Obasanjo ya riƙe ma'aikatar a hannunsa. Duk mai auna tarihinsa sai ya ɗora wannan a kan ma'auni.

Hanyar da ya zaɓa ita ce sake fasalin harkar gaba ɗaya. Kwamitin garambawul da ya jagoranta a zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya haifar da ƙudirin dokar masana'antar man fetur da aka kai Majalisar Tarayya a 2008. Manufarsa a mayar da NNPC kamfanin kasuwanci, a raba mai sa ido da mai ciniki, a kuma ƙara kason gwamnati a man cikin teku. A Disambar 2008 'Yar'aduwa ya mayar da shi ministan mai yana da shekara 70. Manyan kamfanoni suka yi ƙorafin cewa sabbin haraji za su kori jari, 'yan majalisa suka rarrabu kan kason yankunan da ake haƙo mai. Ƙudirin na nan a majalisa har muƙaddashin shugaban ƙasa Goodluck Jonathan ya rushe majalisar ministoci a Maris 2010.

Lukman ya rasu a Biyana, mazaunin OPEC, ranar 21 ga Yuli, 2014.

Gyaran ya zo bayan ransa. Jihohin Ribas, Bayelsa da Akwa Ibom sun kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda a Oktoban 2018 ta amince da sulhun da ya wajabta wa Gwamnatin Tarayya bin kuɗaɗen da suka salwanta. A Nuwambar 2019 Buhari, mutumin da ya fara ba shi minista, ya sa hannu kan gyaran da ya ɗora kashi 10 cikin 100 a kan duk filin da zurfinsa ya wuce mita 200. Dokar masana'antar man fetur kuwa sai a Agustan 2021 ta samu sa hannu, shekara 13 bayan an fara gabatar da ita.