Martin Luther: Malamin da ya fito daga maɓoya a farkon azumi

An haifi Martin Luther a garin Eisleben na ƙasar Jamus ranar 10 ga Nuwamba, 1483. Mahaifinsa, mai harkar haƙar tagulla, ya so ya zama lauya, amma a 1505 sai ya watsar da karatun shari'a ya shiga gidan 'yan zuhudu a Erfurt. A can ya gallaza wa jikinsa da azumi da tsayuwar dare har lafiyarsa ta taɓu, zuciyarsa kuwa ba ta samu natsuwa ba. Sai da ya zurfafa cikin wasiƙun Manzo Bulus ya gamsu cewa gafara kyauta ce daga Allah ta hanyar bangaskiya, yunwa ba ta sayenta, kuɗi ma haka.

A 1517 ya fitar da batutuwa 95 yana sukar cinikin takardun gafara, na farkonsu yana nuna cewa tuba aikin dukan rayuwar mai bi ce. Fafaroma ya kore shi daga ikilisiya a 1521, Sarki Charles na Biyar ya cire masa kariyar doka, Yarima Frederick kuma ya ɓoye shi a fadar Wartburg, inda ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci.

Yana can sai magoya bayansa a Wittenberg suka wuce gona da iri, suna farfasa gumakan majami'u, suna tilasta wa jama'a sauyin da ba su shirya masa ba. Luther ya koma garin, alhali duk wanda ya kashe shi a hanya babu mai tuhumarsa. Ranar 9 ga Maris, 1522, Lahadin farko na azumin kwana arba'in da ke gabanin Ista, ya hau mumbari, ya yi kwana takwas a jere yana wa'azi. Bai soke azumi ba, bai kuma wajabta shi ba. Ya koyar da cewa mai cin nama yana da 'yancinsa, amma kada ya ci don ya ɓata ran ɗan'uwansa mai raunin imani, kuma kalma ce ke juya zuciya, ba ƙarfi ba. Tarzomar ta lafa. Abin mamaki, mutumin da ake ɗauka uban tawaye shi ne ya ja wa nasa birki.

A ƙaramin littafinsa na koyarwa na 1529 ya kira azumi kyakkyawan horon jiki, ya fifita bangaskiya a kansa. A kan wannan ne Luthawa, har da na Cocin Lutheran ta Kristi a Najeriya mai hedikwata a Numan, ke riƙe wannan lokaci na addu'a da tuba, kowa daidai ƙarfinsa.

Luther ya rasu ranar 18 ga Fabrairu, 1546, a Eisleben, inda ya je sasanta rikicin masu sarautar Mansfeld.