Likita Andrew Stirrett, Bature Mai Magani

A makon da ke gaban Ista, Ikklisiya takan tuna da Ubangijinmu wanda ya shiga Urushalima a kan aholakin jaki, ya wanke ƙafafun almajiransa, ya kuma ba da ransa a kan gicciye. Tawali'u irin wannan ya fi sauƙin ganewa idan muka gan shi cikin rayuwar mutum kamarmu. Ɗaya daga cikin irin waɗannan bayin Allah shi ne Likita Andrew Park Stirrett, wanda ya yi hidima a ƙasar da yau muke kira Jihar Neja.

An haife shi a Ontario ta ƙasar Kanada a shekarar 1865. Ya koyi aikin haɗa magunguna, ya mallaki kantunan magani a birnin Toronto, yana kuma karatun likita. Yana cikin wannan wadata sai ya karanta abin da Rowland Bingham ya rubuta game da ƙasashen Sudan, inda miliyoyin mutane ba su taɓa jin bishara ba.

Tafiyar kuwa ba ta wasa ba ce. Bingham da abokansa biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, sun sauka Legas a 1893. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Stirrett ya san da wannan duka, amma bai ja da baya ba. Ya danƙa dukiyarsa ga mishan, wadda aka sani da SIM. Attajirin jiya ya ƙetare teku zuwa Ingila cikin jirgin ruwa mai dakon shanu. Bayan ya ƙaro ilimi a kan cututtukan ƙasashe masu zafi a Liverpool, ya iso Patigi a bakin Kwara a 1902, yana da shekara 37.

Daga Patigi ya koma Wushishi, inda aka buɗe tashar mishan a 1904. A can ya duƙufa kan koyon Hausa da jinyar marasa lafiya, har jama'a suka raɗa masa suna Bature Mai Magani. Ya nace wa abokan aikinsa su riƙa shan kwinin kullum saboda zazzaɓin cizon sauro, abin da ya ceci rayuka da yawa. Yana cikin waɗanda suka yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, tare da Likita Walter Miller na CMS, aka kuwa buga shi a 1932. Ya kuma ba da gudummawa ga waƙoƙin sujada na Hausa.

Duk da haka, ba wani babban matsayi ya nema ba. Bai yi aure ba, bai sake tara dukiya ba. Ko bayan tsufa ya kama shi a Jos, yakan tafi kasuwa ya tsaya cikin 'yan tireda da masu dako yana wa'azi da Hausa. Ya rasu a Jos a 1948, bayan shekara 46 da zuwansa, kafin a kafa ECWA a 1954. Ya shuka, waɗansu suka girba.

Manzo Bulus ya koya wa Filibiyawa, a sura ta 2, cewa Almasihu ya bar ɗaukakarsa ya ɗauki matsayin bawa. Stirrett ya bi wannan sawu, domin abin da ya bayar ya wuce kuɗi: ya ba da girmansa da ƙarfinsa da sauran kwanakinsa.

'Yan'uwa a Suleja da kewaye, ba kowa za a kira ya ƙetare teku ba, amma kowa yana da abin da zai sauke. Maigida yana iya fara neman gafarar matarsa. Dattijon ikklisiya yana iya barin jayayya a kan kujera. Iyali suna iya rage hidimar bikin Ista su biya kuɗin maganin wata gwauruwa. Bari mu karanta Yohanna sura 13 tare da 'ya'yanmu a wannan mako, mu kuma aikata abin da muka karanta. Ubangiji ya taimake mu. Amin.