Morarji Desai: Haihuwar 29 ga Fabrairu da ya kayar da Indira Gandhi

Ranar 29 ga Fabrairu sau ɗaya take zuwa a shekara huɗu, amma ta bar alama a siyasar Indiya ta dalilin mutum guda. A ranar aka haifi Morarji Desai a 1896, a ƙauyen Bhadeli da ke jihar Gujarat ta yau. A ranar kuma ya gabatar wa majalisa kasafin kuɗin ƙasa a 1960 da 1968, lokacin yana ministan kuɗi.

Desai ya fara aikin gwamnati ne a ƙarƙashin Turawan mulkin mallaka. A 1930 ya ajiye aikin ya bi Mahatma Gandhi, lamarin da ya sha kai shi kurkuku. Bayan samun 'yancin kai, ya shugabanci gwamnatin jihar Bombay daga 1952 zuwa 1956. A zamaninsa ne 'yan sanda suka harbe sama da mutum 100 cikin masu zanga-zangar neman jihar Maharashtra, tabon da ya bi shi har kabari.

A 1966 ya nemi kujerar firaminista a jam'iyyar Congress, Indira Gandhi ta kayar da shi. Suka raba gari a 1969 bayan ta ƙwace masa ma'aikatar kuɗi. Da ta ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a Yunin 1975, aka tsare shi tare da sauran jagororin adawa har zuwa farkon 1977.

Wannan tsarewa ce ta haɗa kan 'yan adawar da ba sa ga maciji da juna, suka kafa jam'iyyar Janata, suka lashe zaɓen Maris 1977. Desai, yana da shekara 81, ya zama firaminista na farko da ba na Congress ba. Gwamnatinsa ta yi wa kundin tsarin mulki gyara na 44 a 1978, wanda ya hana ayyana dokar ta-ɓaci bisa hujjar hargitsin cikin gida kawai, sai in an yi tawaye da makamai ko yaƙi.

Sai dai ƙawancen da ƙin mutum guda ya haɗa bai jure rabon muƙamai ba. Rikicin shugabanci ya tilasta masa yin murabus a Yulin 1979, Indira ta dawo mulki a Janairun 1980. Gwamnatin ta rushe, amma gyaran ya ɗore: tun daga lokacin ba a sake sanya dokar ta-ɓaci a faɗin Indiya ba.

Desai ya rasu a Bombay ranar 10 ga Afrilu 1995, yana da shekara 99.