Malam Aminu Kano da Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa

Duk inda aka ambaci Malam Aminu Kano, NEPU da PRP da gwagwarmayar talakawa su ne ke fara zuwa zuciya. Shekarun da ya yi da alli a hannu, daga 1942 zuwa 1950, galibi akan ratsa su a gurguje kamar share fage. Alhali a cikinsu ne ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa, wadda ake lissafawa a matsayin ƙungiyar ma'aikata ta farko da 'yan Arewa suka kafa ta game Jihar Arewa baki ɗaya.

An haife shi ranar 9 ga Agusta 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, ɗan zuriyar Genawa ne, gidan da aka sani da malanta da alƙalanci, kuma ya riƙe muƙamin mufti a kotun alƙali. A gida ya fara karatun allo, sannan ya shiga makarantar Shahuci, daga nan sai Midil ta Kano. Ya wuce kwalejin da aka kafa a Katsina aka mayar da ita Kaduna a 1938, wadda daga baya ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Tun yana ɗalibi ya riƙa shirya wasannin kwaikwayo masu zambo ga algus da zaluncin masu riƙe da madafun iko, irin su Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba. Da ya kammala a 1942, sai ya zaɓi aikin koyarwa, aka tura shi Midil ta Bauchi.

Bauchi ta haɗa shi da mutum biyu da suka yi tasiri a kansa ta fuskoki mabambanta. Na farko Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, abokin aikinsa a makarantar, mai haƙuri da bin al'amura sannu a hankali. Na biyu Malam Sa'adu Zungur, mai kaifin harshe da zurfin ilimin addini, wanda daga baya Malam Aminu ya rubuta tarihin rayuwarsa. Su da wasu 'yan boko na garin suka riƙa haɗuwa a Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda ake muhawara gaban Turawan mulki da manyan En'e. Majalisar ba ta yi tsawon rai ba. Da tambayoyi suka kai ga mulkin sarakuna da ma'aunin albashin sarki, sai hukuma ta rufe ta. Darasin da ke cikin wannan a fili yake: dandalin da hukuma ta buɗe da hannunta, da hannunta take rufe shi.

Kafin a fahimci nauyin abin da ya biyo baya, sai an duba halin da malamin makaranta yake ciki a Arewa a wancan zamani. Mafi yawan malaman elementare ma'aikatan En'e ne. Daga baitulmali ake biyansu, kuma ɗauka da ƙarin girma da kora duk suna hannun hukumar gargajiya da jami'in ilimi Bature. Malamin da ya ɗaga murya, ana iya jefa shi wani ƙauye mai nisa da sunan canjin wurin aiki, ba shi da inda zai kai kuka sai wurin wanda ya jefa shi. Ga shi kuma malaman ƙalilan ne, sun warwatsu cikin larduna goma sha biyu, na Sakkwato bai san abin da na Adamawa yake karɓa ba, balle su haɗa baki. A Kudu labarin daban ne. Tun 1931 malamansu suka kafa Ƙungiyar Malaman Nijeriya a Legas, ƙarƙashin shugabancin Rabaran Ransome-Kuti, suna zama da gwamnati kan albashi da sharuɗɗan aiki. Ƙarfin wannan ƙungiya yana makarantun mishan ne, don haka muryarta ba ta kai ga malamin En'e na Gumel ko na Misau ba.

A 1946 Malam Aminu ya sami gurbin ƙaro ilimi a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Ya tarar da Ingila ƙarƙashin gwamnatin jam'iyyar Leba, wadda ƙungiyoyin ma'aikata ne ginshiƙinta, ya kuma ga malaman makarantun ƙasar suna da ƙungiyar da gwamnati ba ta iya yin biris da ita. A can ne shi da 'yan'uwansa malamai 'yan Arewa suka fara shawarar kafa tasu. Shawarar ta tabbata a 1948, Malam Aminu ya zama babban sakatarenta. Cikin waɗanda suka shiga tun farko akwai Tafawa Ɓalewa da Malam Yahaya Gusau da Shettima Ajiram.

Buƙatun ƙungiyar ba su da yawa, amma kowace ta taɓa wani abu mai tushe. Ta nemi a kyautata albashi da sharuɗɗan aiki, a kuma daidaita bambancin da ke tsakanin abin da ake biyan malamin Arewa da takwaransa na Kudu. Ta nemi a gyara manhajar karatu. Wannan buƙata ta biyu ita ce ta fi nuna irin ƙungiyar da Malam Aminu ya so ya gina, domin ƙungiyar da cikinta kaɗai ta sani ba ruwanta da abin da ake cusa wa yara a aji. Da malamai suka ce suna da ta cewa kan manhaja, sun yi iƙirarin cewa koyarwa sana'a ce mai ma'abota, ba aikin ɗan aike ba. Akwai kuma wani abin da ba a rubuta cikin buƙatun ba, wanda watakila ya fi su duka tasiri. Malamai daga Barno da Filato da Ilori, Musulmi da Kirista, suka zauna a zaure ɗaya, suka zaɓi shugabanni da ƙuri'a, suka rubuta bayanin taro, suka tara kuɗin ƙungiya suka yi lissafinsa. A ƙasar da muƙami yake zuwa ta gado ko ta naɗi, wannan sabon abu ne ƙwarai.

Batun da ya fi wuyar warwarewa shi ne dangantaka da ƙungiyar Legas. Haɗewa da ita za ta ƙara ƙarfi gaban gwamnati, sai dai malaman Arewa tsiraru ne, kuma tsoron kada a haɗiye su ba tsoron banza ba ne, musamman a shekarun da tsarin mulkin Richards ya raba ƙasar jiha uku, kowace tana duban 'yar'uwarta da zargi. Aka zaɓi zama daban. Hujjar tana da ƙarfi a lokacinta, amma ta jawo malaman ƙasa ɗaya suka shafe shekara ashirin da huɗu suna magana da baki biyu.

Hukuma ba ta ɗauki ƙungiyar da wasa ba, kuma ba ta yi kuskure ba. Da aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, malaman makaranta suna cikin waɗanda suka cika sahunta na gaba, Malam Aminu na cikinsu. A 1949 aka mayar da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru a lardin Sakkwato, nesa da Bauchi da Zungur. Nisan bai sanyaya shi ba. Ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, kafin ƙarshen shekarar kuwa ya ajiye aikin gwamnati ya koma gida, domin dokar aiki ba ta yarda ma'aikaci ya yi siyasa a fili ba. Daga nan hanyoyin waɗanda suka kafa ƙungiyar suka rabu. Tafawa Ɓalewa ya bi NPC har ya zama Firayim Minista, Malam Aminu ya zama shugaban NEPU a 1953.

Sauran tarihinsa sananne ne. Ya ci zaɓen Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1959, ya riƙe kwamishinan sadarwa sannan na lafiya a gwamnatin Janar Yakubu Gowon, ya tsaya takarar shugaban ƙasa ƙarƙashin PRP a 1979, shekarar da jam'iyyar ta ci gwamnonin Kano da Kaduna. Duk da haka bai rabu da malanta ba. Ya buɗe makarantar Islamiyya a Kano a farkon shekarun 1950, ya dage kan karatun mata, ya riƙa yin tafsiri da azumi, kuma har ya bar duniya Malam ake kiransa. Yana kwamishinan lafiya a 1972 ƙungiyar da ya assasa, wadda a lokacin ta koma ta malaman jihohin Arewa, ta haɗe da Ƙungiyar Malaman Nijeriya suka zama abu guda.

Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu 1983, ana shirin zaɓen wannan shekara. An binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, yanzu kuma cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ƙarƙashin Jami'ar Bayero ta Kano.