Marigayi Alhassan Dantata: Attajirin da ya raba kasuwancinsa sashe-sashe

Duk wanda ya daɗe yana fatauci tsakanin Garuwa da Mubi, ko Marwa da Banki, ya san wannan cuta: maigida ya kwanta ciwo mako biyu, shago ya tsaya cik, domin kuɗi da lissafi da sunayen masu bashi duk a kansa suke. Shi ya sa a yau muka ga ya dace mu waiwayi rayuwar marigayi Alhaji Alhassan Dantata, mutumin da ya gina kasuwancin da ke tafiya ko yana nan ko ba ya nan.

An haifi Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877, a cikin zuriyar Agalawa, waɗanda aka sani da fatauci tun kaka da kakanni. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa kuwa ta koma Ankara a ƙasar Gana ta yau. Wata tsohuwa mai suna Tata ce ta rene shi, daga nan sunan Dantata ya samo asali. A lokacin yaƙin basasar Kano da ya ɓarke a 1893, an kama shi, daga baya ya samu 'yancinsa ya koma neman na kansa.

Da goro ya fara. A wancan zamani ayarin jakuna kan yi watanni a hanyar Gwanja kafin ya dawo Kano. Shi kuwa Alhassan sai ya yanka tafiyar gida-gida: a sayi goro a ƙasar Asante, a kai bakin teku, a ɗora a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can a yi Arewa da shi. Kowane zango da mutumin da ke kula da shi. Da jirgin ƙasa ya fara jigila zuwa Kano a 1912, sai tafiyar watanni ta koma ta kwanaki.

Amma inda sunansa ya fi fitowa shi ne cinikin gyaɗa. A 1918 kamfanin Turawa na Niger Company ya ɗauke shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Ga yadda aikin ke tafiya: kamfani ya ba shi kuɗi, shi kuma ya raba wa wakilansa, su shiga ƙauyuka su saya daga hannun manoma. A auna, a ɗura a buhu, a kawo Kano, a jera buhuna su zama dala har jirgi ya samu kwashe su. Kowane wakili da yankinsa da jarinsa da lissafinsa. In wani ya yi asara ko ya ci amana, ɓarnar ta tsaya a kansa, sauran na ci gaba da aiki. Haka kuma bai zuba dukiyarsa a abu ɗaya ba. Ga goro, ga shanu, ga tufafi, ga hatsi. Mu mutanen Binuwai mun san irin wannan ciniki, domin a da jiragen ruwa kan hauro har tashar Garuwa idan kogi ya cika da damina, su kwashi gyaɗa da auduga.

Sakamakon wannan tsari bai ɓuya ba. A 1929, da bankin Turawan Ingila ya buɗe reshe a Kano, Alhassan ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma ashirin. Kafin rasuwarsa ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Abin lura shi ne, manyan kamfanoni na yau da wannan dabara suke gina manhajar kwamfutarsu. Sashen saye daban, na sito daban, na albashi daban, na bin bashi daban, kowanne yana miƙa wa ɗan'uwansa abin da yake bukata kawai. In ɗaya ya lalace, a gyara shi ba tare da an rufe kamfani ba. Aikin da ake maimaitawa kullum kuwa, kamar rubuta rasit, sai a bar wa na'ura. Amma na'ura ba ta gyara kasuwancin da tun farko ba shi da tsari.

Allah Ya yi wa Alhassan Dantata rasuwa a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari. Kasuwancin bai bi shi kabari ba. 'Ya'yansa irin su Sanusi da Aminu sun ci gaba da shi, kuma daga tsatson Sanusi ne Aliko Dangote ya fito, wanda masana'antar simintinsa ta fara aiki a Duwala a 2015.

To 'yan'uwa 'yan kasuwa, kowa ya tambayi kansa: in yau na kwanta, wa ya san abin da ke sito, wa ya san masu bashi? A ba kowane yaro aikinsa, a rubuta lissafin kowane kaya daban, a sa ranar bincike. Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan, Ya sa albarka a nemanmu, amin.