Kazunomiya

Gimbiya Kazunomiya (1846 – 1877), wadda sunanta na sarauta shi ne Chikako, 'yar Sarkin Japan Ninko ce kuma matar Tokugawa Iemochi, shogun na 14. An aurar da ita tana 'yar shekara 15 domin a sasanta fadar sarki da ke Kyoto da gwamnatin soja da ke Edo, birnin da ake kira Tokyo a yau. An fi tunawa da ita saboda roƙon da ta yi wa gidan mijinta a 1868, lokacin da sojojin sarki suka nufi Edo da yaƙi.

Farkon rayuwa

An haife ta a Kyoto a shekarar 1846, 'yan watanni bayan rasuwar mahaifinta. Mahaifiyarta, Hashimoto Tsuneko, ɗaya ce daga cikin ƙwarƙwarorin sarki. Yayanta da suke uba ɗaya, Sarki Komei, shi ya gaji sarautar, kuma shi ya raɗa mata suna Kazunomiya. Ba a cikin fada ta tashi ba, dangin mahaifiyarta ne suka rene ta a gidan Hashimoto, ɗaya daga cikin gidajen fadawan Kyoto.

A wancan zamanin sarki yana da daraja da girma na addini, amma mulkin ƙasa yana hannun shogun, wato shugaban soja daga zuriyar Tokugawa, waɗanda suka riƙe wannan muƙami tun 1603.

Ilimi

A 1851, tana 'yar shekara biyar, aka yi mata baiko da Yarima Arisugawa Taruhito, wanda ya girme ta da shekara 11. Wannan baiko ya shafi karatunta, domin gidan Arisugawa ya yi suna wajen fannoni biyu da fada ta fi ɗauka da muhimmanci, wato kyan rubutu da tsara waƙa. Mahaifin yariman, Takahito, shi ya koya mata rubutu da alƙalamin gashi da tawada, daga baya kuma ta koyi waƙa a wurin Taruhito.

Irin waƙar da ta koya Japanawa na kiranta waka. Kalmar ta yi kama da ta Hausa ne kawai, ba su da asali ɗaya. Gajeriyar waƙa ce mai gaɓoɓi 31, waɗanda ake jerawa 5-7-5-7-7. A fadar Kyoto da ita ake gaisuwa, da ita ake ta'aziyya da ban kwana, kuma ana auna tarbiyyar mutum da kyan rubutunsa da kalmomin da ya zaɓa. Matan fada suna da nasu salon magana da nasu kalmomi, da tsarin sutura da gyaran gashi da ya sha bamban da na gidajen mayaƙa. A cikin wannan tarbiyya Kazunomiya ta girma, kuma ta ci gaba da rubuta waƙoƙi har ƙarshen rayuwarta.

Batun aure

A 1853 jiragen yaƙin Amurka suka iso gaɓar Japan, suka nemi a buɗe ƙasar ga baƙi. A 1858 gwamnatin shogun ta sa hannu kan yarjejeniyar ciniki da Amurka ba tare da amincewar Sarki Komei ba, abin da ya fusata fada da mayaƙa da yawa. A 1860 aka kashe babban jami'in gwamnati Ii Naosuke a kusa da ƙofar fadar Edo. Ganin martabarta na zubewa, gwamnati ta nemi a aura wa shogun ƙanwar sarki, domin a nuna wa jama'a cewa Kyoto da Edo bakinsu ɗaya.

Da farko sarki ya ƙi, domin tana da baiko, ita ma ta ƙi amincewa. Wani bafade mai suna Iwakura Tomomi ya ba sarki shawarar ya yarda, bisa sharaɗin gwamnati ta yi alkawarin soke yarjejeniyoyin da korar baƙi. Gwamnati ta ɗauki alkawarin, ko da yake ba ta cika shi ba. Bayan matsin lamba Kazunomiya ta amince, amma ta gindaya sharuɗɗa. Daga ciki akwai cewa za ta ci gaba da rayuwa bisa al'adar fadar Kyoto ko da tana Edo, matan fada da ta saba da su za su raka ta, kuma za ta riƙa komawa Kyoto domin addu'o'in tunawa da mahaifinta. Aka warware baikonta da Taruhito.

Ta bar Kyoto a ƙarshen 1861, ta bi hanyar Nakasendo mai ratsa tsaunuka, mai zango 69 da tsawon fiye da kilomita 500. Dubban mutane ne suka yi hidimar ayarin, tafiyar kuma ta ɗauki fiye da mako uku. An ɗaura auren a fadar Edo a 1862. Ita da angon duk a shekara ɗaya aka haife su.

Zama a Edo

A sashen mata na fadar, wanda ake kira Ooku, ta tarar da surukarta Tensho-in, matar shogun da ya gabata. An samu saɓani tsakanin matan da suka zo daga Kyoto da na Edo kan sutura da gaisuwa da wurin zama. Har sunan da za a kira ta da shi sai da aka yi magana a kai, a ƙarshe aka bar ta da sunanta na gimbiya maimakon laƙabin matar shogun. Duk da haka ta zauna lafiya da mijinta. Ba su haihu ba.

Mahaifiyarta, wadda ta biyo ta Edo, ta rasu a 1865. A 1866 Iemochi ya rasu a Osaka yana ɗan shekara 20, a tsakiyar yaƙi da yankin Choshu. Kazunomiya ta yanke gashinta bisa al'adar addinin Buddha, ta koma amsa sunan Seikan-in. A farkon 1867 Sarki Komei shi ma ya rasu.

Faɗuwar gidan Tokugawa

A 1868 yaƙi ya ɓarke tsakanin magoya bayan sabon sarki Meiji, wanda ɗan yayanta ne, da sojojin shogun na ƙarshe, Tokugawa Yoshinobu. An ci sojojin Yoshinobu a Toba-Fushimi kusa da Kyoto, aka ayyana shi abokin gaban fada. Babban kwamandan rundunar da aka tura Edo shi ne Taruhito, tsohon saurayin baikonta.

Kazunomiya ba ta bar Edo ba. Ta rubuta wasiƙu da hannunta, ta aiki hadimarta Tsuchimikado Fujiko da su zuwa Kyoto da kuma wurin ɗan kawunta Hashimoto Saneyana, wanda ke cikin jagororin rundunar. Ta roƙi kada a shafe gidan Tokugawa, ta kuma nuna cewa makomarta na tare da ta gidan. Tensho-in ma ta aika da irin wannan roƙo ga mutanen yankinta na Satsuma. Bayan tattaunawa tsakanin Saigo Takamori da Katsu Kaishu, aka miƙa fadar Edo ba tare da yaƙi ba. Masana tarihi sun fi danganta sulhun da wannan tattaunawa, amma suna lissafa wasiƙun matan biyu cikin abubuwan da suka sassauta hukuncin. An bar Yoshinobu da ransa, gidan Tokugawa kuma ya ci gaba a ƙarƙashin wani yaro mai suna Iesato.

Mutuwa

Ta koma Kyoto a 1869, sannan ta dawo Tokyo a 1874 ta zauna a unguwar Azabu. A 1877 ta kamu da beriberi, cutar da ƙarancin sinadarin bitamin B1 ke haifarwa, wadda ta yawaita a lokacin tsakanin masu hali da ke cin farar shinkafa zalla. An kai ta jinya wurin ruwan zafi na Tonosawa a Hakone, inda ta rasu a ranar 2 ga Satumba 1877 tana da shekara 31. Bisa wasiyyarta, an binne ta kusa da mijinta a wurin ibada na Zojoji da ke Tokyo.

Tunawa da ita

Littafin da take rubuta al'amuranta na yau da kullum ya tsira, kuma masu bincike kan ƙarshen mulkin Tokugawa suna amfani da shi. Marubuciya Ariyoshi Sawako ta wallafa ƙagaggen labari a kanta a 1978. A bikin Jidai Matsuri da ake yi a Kyoto kowane watan Oktoba, akan sa wata mace ta fito cikin shigarta.